Wa Ya Ɗauko Ƙasar?

A damanar shekarar 2024 ruwa ya yi wa ƙasar Nijar ɓarnar da tsofaffi suka daɗe ba su ga irinta ba. Fiye da mutum 300 suka rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya suka tagayyara, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga farkon watan Oktoba zuwa ran 28 ga wata, domin a wurare da dama azuzuwa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Wannan ɗagewa ita ce ta ba wani yaro ɗan shekara 10, ɗan aji biyar a Magarya, damar raka kakansa Damagaram. Kakan tsohon mushe ne mai ritaya, mazaunin Dungas, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da ƴaƴan mutane daga wannan ƙauye zuwa wancan, ga shi yanzu ido ya soma yi masa gardama, aka ce ya tafi babban gari a duba shi. Uban yaron kuwa ɗan kasuwar riɗi ne, kuma kaka ba lokacin da mai sayen riɗi ke barin bakin sikeli ba ce. Saboda haka aka ce yaro ya riƙe wa tsoho sanda.

Akwai wata magana da uba da ɗa suka bari ba su ƙarasa ba a daren da tsohon ya kwana Magarya. Zauren gidansu na Dungas, wanda kakan tsohon ya gina da tubali da azara, ya tsage daga zanko har ƙasa a wannan damana. Ɗan ya ce a rushe shi a huta, ya zuba bulo da siminti, ya ɗora kwano, a fitar da ƙofar shago ta bakin hanya. Tsohon bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce dai a bari ya dawo daga ganin likita.

Daga Magarya zuwa Damagaram kilomita 90 ne da ƴan kai, ta Bande da Dogo. Da hantsi suka sauka tasha, a asibiti aka ba su lamba, aka ce su komo bayan azahar. To, ina za a kai yaro ya yi zaman jiran awa huɗu? Tsohon ya dubi jikansa ya ce: "Tashi, abokina, tun da ka ƙwace mini mata a gida, yau zan kai ka inda ake yanke wa masu ƙwace hukunci." Suka nufi Birni.

Wanda ya san Damagaram ya san gari biyu ne aka haɗa. Akwai Zango, inda fatake da Buzaye masu raƙuma ke sauka tun zamanin da ayari ke zuwa daga Tarabulus ta Agadas, akwai kuma Birni, mazaunin sarauta, wanda aka dasa a tsakanin manyan duwatsu, da lungunansa masu murɗiya da gidajensa masu zane a goshi. A tsakiyar Birni fadar Sarkin Damagaram take. Ba kango ba ce da aka share don baƙi, gida ne da ake kwana ciki, ake zaman fadanci, ake sasanta masu rigimar gona da gado. Shi ya sa ba ta rasa mai kula da ita. Fuskarta a gyare take, an yaɓe, an shafe, zanen ya fito raɗau, dogarai na zaune a ƙofa cikin ja da kore. Yaron da bai taɓa ganin ginin ƙasa mai bene irin wannan ba ya tsaya ya saki baki, sai da kakan ya taɓa shi da sanda ya tuna masa ya tuɓe takalmi.

Wani dogari mai sakin fuska ya karɓe su, ya shiga da su iyakar inda aka yarda baƙo ya kai. Zaure na bin zaure, kowane da sanyinsa kamar an yayyafa ruwa, alhali a waje rana ta riga ta buɗe. Dogarin ya san karatunsa. Ya faɗi yadda gidan sarautar ya samo asali a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, da yadda Sarki Sulaiman ya dawo da gadon mulki nan Zindar a farkon ƙarni na 19. Da ya iso kan Tanimu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, sai muryarsa ta ƙara kauri. Tanimu ne ya kewaye Birni da ganuwa. Tanimu ne ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin gari, suka haɗa albarushi, har Kano da Barno suka san da zamansa. Daga nan ya gangaro kan Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe kyaftin ɗin Faransa Cazemajou a 1898, da yaƙin Tirmini na ƙarshen watan Yulin 1899 inda bindigar Nasara ta rinjayi dawakin Damagaram, da yadda garin ya zama babban birnin mulkin mallaka har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai. Tsohon mushe yana gyaɗa kai, don kuwa babu shekarar da dogarin ya kuskure.

Yaron bai kula da shekarun ba. Hannunsa na kan bango, yana auna kaurinsa da taƙi. Makonni kaɗan kafin wannan rana shi ne ya yi ta jidar kwaɓaɓɓiyar ƙasa a kwano, daga bakin rami zuwa bayan ɗakin uwarsa inda katanga ta zube, har wuyansa ya yi kwana uku yana ciwo. Ya san nauyin kwano ɗaya. Da dogari ya sake cewa Tanimu ya gina kaza, Tanimu ya gina kaza, sai yaron ya ja rigar kakansa ya ce: "Kaka, shi Sarkin da kansa ya ɗauko ƙasar? In ba shi ba ne, wa ya ɗauko ta?"

Dogari ya yi dariya ya ce: "Yaro man kaza. Sarki ai umarni yake bayarwa." Tsohon ya ba shi goronsa, ya yi godiya, suka fito.

Tambayar yaron tana da amsa, kuma mutumin Magarya da na Dungas sun fi kowa cancantar su san ta. A ƙasar Hausa ganuwa ba a gina ta sau ɗaya a gama. Ginin ƙasa ne, kowace damana tana cin rabonta, saboda haka bayan an kai amfanin gona gida sai a yi shela, a raba wa unguwanni da garuruwan da ke ƙarƙashin sarki, kowa da yankin da zai ɗaga ya yaɓe. Wanda ya ƙi ya san sauran. Aikin da ya fi wuya kuwa, haƙar ƙasa da jidar ruwa a gari irin Damagaram da ruwa ya zama zinariya tun fil'azal, bayi ne ke yin sa. Bayin nan ba daga sama suka faɗo ba. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna Zindar a farkon shekarar 1851, a zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ya ga an fita hari an komo da kamammu, manya da yara, ana kora su cikin gari. Ƙasashen Sosebaki, wato Mirya da Washa da Dungas, da sarautarsu suke tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi, daga baya ta rinjaye su suka koma biyan gaisuwa. Magarya kuma reshe ce ta gidan sarautar Daura na Haɓe, waɗanda jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19, suka sami mafaka a arewa, mafakar da ba kyauta aka ba da ita ba. Duk rundunar da ta tashi daga Birni ta nufi Kano ko Gumel, ta gonakin kudu take bi, kuma doki ba ya tambayar mai gero kafin ya sa baki.

A gindin wani dutse, kusa da wani guntun tudu da ya rage daga ganuwar, tsohon ya zaunar da jikansa ya ba shi wannan amsa daidai yadda kansa zai ɗauka. Ya ce masa kakarsa, wato kakar shi tsohon, takan ba da labarin ƙanen ubanta da aka tafi da shi aikin Birni bai komo ba. Ya ce: "Ka ga bangon nan da ka taɓa? Kada ka ce na wasu ne. Wanda ya ba da umarni da wanda ya ɗauki kwano, duka suna ciki." Yaron ya ce wani abokinsa ya gaya masa wai an binne ƴammata da rai a cikin ganuwar don kada a ci garin da yaƙi. Tsohon ya ce labarin baka ne da kowane ɗan Damagaram ya taɓa ji, ana ma haɗawa da cewa an sa Alƙur'anai a ciki, amma ko ba a binne kowa ba, ganuwar ta ci mutane ta hanyar da ba ta bukatar almara.

Akwai masu ganin irin wannan bayani bai kamaci yaro ba, ko kuma cin fuska ne ga gidan sarauta. Ba haka ba ne. Masarautar Damagaram ba ta bukatar a yi mata ƙarya kafin ta yi kwarjini. Gidan da ya zuba igwa da hannun maƙeransa, ya kafa mulkin da Barno ta yi shakka, ya ga Nasara sun tuɓe sarkinsa a 1906 sun kai shi Kwaddibuwa, ya yi shekara 17 babu sarki, sa'an nan ya sake miƙewa a 1923, ya fi ƙarfin a ɓoye masa tabo. Abin da ke ɓata tarihi shi ne a yi masa irin yaɓen da ake yi wa bangon da ya riga ya ruɓe ta ciki. Yaron da aka gaya wa rabin magana a fada zai ji sauran rabin a bakin tasha, kuma mai faɗa masa can ba lalle ne ya kasance mai son zaman lafiya ba.

Daga nan suka taka zuwa inda tsohon ya fi son gani, ko da yake ya san abin da zai tarar. Ran 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Masallacin da ya ga Tanimu, ya ga Kuran Daga, ya ga shigowar Nasara da fitarsu, ya koma tarin ƙasa da karyayyun itatuwa. Tsohon ya taɓa yin salla a ciki yana ɗalibi. Ya tsaya ya daɗe bai ce kome ba. Yaron ne ya katse shirun: "To, wannan me ya sa ba a gyara shi ba kamar gidan Sarki?"

Wannan tambaya ƙanwar ta farko ce. Hannuwan da ke yaɓe manyan gine-ginen ƙasa a da, na tilas ne. Bauta ta kau, aikin tilas na zamanin Nasara ma an soke shi a 1946, kuma babu mai hankalin da zai yi kewar ko ɗaya daga cikinsu. Amma tun da aka sauke wa talaka kwanon daga ka, ba a zauna an ce ga wanda zai ɗauka da yardarsa, ga kuma aljihun da za a biya shi ba. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Damagaram cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas, wadda aka yi wa irin wannan fata, ta samu shiga a 2013. A 2018 an yi bikin 18 ga Disamba a Damagaram da sunan Zindar Sabuwa, aka shimfiɗa kwalta, aka ta da gine-gine. Sai dai ginin ƙasa bai san biki ba. Shi abin da ya sani, a hau rufinsa kafin ruwan farko a share indararo, a toshe tsaga tun tana kamar zare, a kau da ruwa daga gindinsa. Aikin kwana uku ne a shekara, wanda babu ministan da zai zo ya yanke masa ƙyalle, shi ya sa ba ya samun shiga kasafi. Kuma ba Damagaram kaɗai ba ce: a watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani na wajen shekarun 1830, ya rufto kan masallata ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka.

Wani abin da ke kashe ginin ƙasa ma da sunan gyara yake zuwa. Mai kuɗi ya ga bango ya zaizaye, sai ya sa a lulluɓe shi da siminti don a huta da yaɓen kowace shekara. Siminti kuwa ba ya numfashi. Laimar da ke tasowa daga ƙasa, da ruwan da ya sami ƴar kafa ya shiga, ba su da hanyar fita, sai su zauna a bayan ɓawon suna cin tubali a ɓoye. Daga waje bango sumul, ran da zai tafi kuwa da ɓawon da cikin gaba ɗaya suke tafiya. Magina na da ba haka suke yi ba. Suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana hana ruwa zama amma tana barin bango ya sha iska. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe rufi da shi. Suna da azarar giginya wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. To, yau ɗorawa ta ja baya a gonaki, karofi da dama sun mutu, giginya ta yi wuya har sai da izinin ma'aikatan daji ake sare ta. Ga kuma hanyoyin da ake ɗagawa su fi dandaɓen gida tudu, ga leda ta cushe magudanai, ruwan da a da yake wucewa ya bar gari yanzu a gindin katanga yake kwana.

A kan hanyarsu ta komawa asibiti tsohon ya tuna wani abu ya yi murmushi. Lokacin da yake ɗalibi, hoton gidan sarauta na farko da ya gani a littafi ba na Damagaram ba ne, na Karkason ne, wani birni mai ganuwa biyu a kudancin Faransa. Sai daga baya ya gane cewa abin da ke cikin hoton gyararre ne. Garin ya lalace har an yi niyyar rushe ganuwarsa, sa'an nan daga wajen 1853, wato daidai lokacin da Tanimu ke kan gado a nan, wani magini mai suna Viollet-le-Duc ya soma ta da shi. Ya ɗora wa hasumiyoyin rufi mai tsini irin na arewacin Faransa, masana suka yi ta sukarsa cewa ya ƙaga abin da babu shi a da, aka kuma kori talakawan da suka yi gidaje a tsakanin ganuwar biyu. Duk da haka garin na tsaye, UNESCO ta karɓe shi a 1997, baƙi na tururuwa, masu otel da masu sayar da tsaraba na ci daga gare shi. Su Faransawa dutse suka gada, gyara ɗaya kan kai su shekara ɗari. Wanda ya gaji ƙasa kuwa misalinsa na Jenne ne a ƙasar Mali, inda aka san mutanen gari da fitowa kwansu da kwarkwatarsu rana guda a shekara su yaɓe babban masallacinsu, yara na jidar laka ana kiɗa, babu dogari a bayan kowa.

A nan ne maganar ta shafi masu karanta wannan shafi. Ɗan kasuwar da ke iya ɗaukar nauyin kujerar Makka ta mutum biyar, ladan magina goma na mako guda ba zai girgiza shi ba. Ma'aikacin da ke zaune a ofishin magajin gari, shi ne ke rubuta takardar da ke cewa a ɗaga hanya ko a fitar da lambatu, kuma ya san ta inda ruwan zai bi. A Magarya da Washa da Dungas da Bande akwai zaurukan sarakuna da tsofaffin masallatai da gidajen malamai waɗanda ba su cikin jerin kowace hukuma, babu kuma baƙon da zai zo daga Turai ya ɗauki hotonsu. In sun faɗi, ko rediyo ba za ta faɗa ba.

Likita ya duba idon tsohon ya ce yana ce ta soma rufe shi, ya sa masa ranar aiki bayan wata biyu. Suka kwana gidan wani tsohon ɗalibinsa a Sabon Gari, washegari suka kama hanyar kudu. Yaron ya yi barci tun kafin Dogo.

A Magarya suka tarar uban yaron ya riga ya yi cinikin bulo 500, an jibge su a ƙofar shagonsa ana jiran motar Dungas. Bayan sallar isha'i tsohon ya ce masa: "Bulonka ka ja katangar baya da su, ita ce ke ba mata wahala kowace shekara. Zaure kuwa a bar mini shi wannan rani." Ɗan ya ce: "Baba, ba ƙin maganarka nake ba. Wa zai yi aikin? Sarkin maginan garinmu ko tsani ba ya iya hawa yanzu. Ƴaƴansa biyu suna Aljeriya, na ukun kabu-kabu yake yi a Kano. In na sa yaran nan masu bulo, da siminti za su cika tsagar." Tsohon ya ce bakin sarkin magina ai bai tsufa ba, zai iya zama a inuwa ya nuna. Ɗan ya yi lissafi a ka, irin na mai sikeli, ya ce kuɗin jidar ƙasa da ruwa da neman makuba sai sun kusa kai kuɗin kwano, kuma baɗi ma sai an sake. Tsohon ya ce ya sani.

Ba su rabu da matsaya ɗaya ba. Abin da aka yi dai shi ne, da motar Dungas ta zo ran kasuwa, an loda bulo 300 aka bar 200, aka kuma sa buhu biyu na kwasfar ɗorawa da tsohon ya aika aka nemo masa daga wani ƙauye. Yaron ya roƙi a bar shi ya bi kakansa, tun da sauran kwana tara a koma lakwal. Uwarsa ta tuna masa da ciwon wuyan da ya yi. Ya ce wannan karon zai yi gammo, kuma sai an biya shi dala ashirin kowane kwano.